Baƙar Miya da Baƙar Giya

A garinmu, idan abinci ya sauko daga teburin matattu, babu zagin da ya kai a ce maka ya yi daɗi. Kowa ya san mamaci ba ya tauna, ba ya haɗiya. Ƙanshi da ɗanɗano yake kwashewa, ya bar wa masu rai gangar abincin. Abin da ya ci, za ka same shi salam kamar an wanke shi da ruwa. Abin da ya tsallake kuwa yana nan da zaƙinsa da yajinsa. Shi ya sa ranar da aka sallami matattu, mace takan tsaya gefen tukunyarta tana fatan baƙi su yamutsa fuska.

Ni Leocadia, 'yar marigayi Celerino mai injin niƙa, da wannan fatan na shiga bikin matattu na bana. Shi ne zuwan Baba na farko tun rasuwarsa, kuma akwai alkawari tsakanina da shi.

Baba mutum ne da ba ya ɗaukar abinci a bakin komai sai ya sa shi gumi. Da ɗanyen barkono a aljihun riga yake yawo, yadda wasu ke yawo da taba. Wata rana ya yi aman jini a bakin injin, muka kwashe shi zuwa birnin Wahaka, likita ya ce gyambon ciki ne, ga hawan jini a kai. Ya lissafo abubuwan da Baba zai bari: barkono, maiƙo, gishiri, da meskal, barasar nan da yake kurɓa bayan aiki. Baba ya tambaye shi ko iska ma yana so ya bari. Likitan bai yi dariya ba, ni ya kalla, domin Inna ta daɗe da rasuwa kuma ni ce a gidan. Tun daga ranar na zama ɗan sandan bakin ubana.

Shekara shida ina dafa masa kabewa da farfesun kaza fari fat. Abin takaicin kuma, sana'ata ita ce mole, baƙar miyar nan tamu ta barkono da cakulan. Duk mai bikin aure ko baftisma a garin nan, in yana son ta kirki, ni yake nema. Ina cikin juya tukunya a tsakar gida sai in ji takun silifas a bayana, in waiwaya in ga Baba ya laɓaɓo da gutsuren tortiya, wainar nan tamu ta masara, a hannu.

"Leo, lakata ɗaya."

"Ko ƙwayar riɗi ba za ka gani ba."

"Ubanki nake fa."

"Shi ya sa."

In ya miƙa hannu, in buge shi da bayan ludayi. Ya koma kujerarsa yana gunguni, in kawo masa kabewarsa in ajiye, in ce, "A hankali dai, Baba, ka san cikinka." Sau uku a rana nake faɗin haka, har bakina ya iya faɗinsa ba da izinina ba. A makon da zai rasu ya riƙe wuyan hannuna ya ce, "Ran da na dawo, ki yi mini baƙar miya da komai nata. A can babu likita." Na ce zan yi. Na rufe masa ido da wannan alkawarin a wuyana.

Ina da ƙane guda ɗaya, Nazario, auta, shafaffe da mai. An tura shi karatun injiniya a birni, ya yi rabi ya watsar, ya koma dafa giya a wani gareji, yana sayar wa masu yawon buɗe ido 'yar kwalba ɗaya a kuɗin kaza. Ranar Lahadi yake zuwa. Ya ɗauki Baba a mota wai su je duba gona, ya dawo da shi da yamma, ya sumbace shi a goshi, ya kama hanya. Baba ya kwana uku yana labarin Nazario. Ni da na wanke zanin gadonsa da asuba, ban taɓa jin an yi labarina ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba zan ɓoye ba, ina son ƙanena, amma akwai Lahadin da jin ƙarar motarsa kawai yake sa haƙorana su haɗu.

Miyar bana ban yi wa kowa irinta ba, har da 'yar shugaban ƙaramar hukuma. Na sayo baƙin barkonon da ake kawowa daga ƙasar zafi, wanda kuɗinsa ke sa mai sayarwar ma ya rage murya. Na ƙone 'ya'yansa a tsakar gida har hayaƙi ya kori kaji, maƙwabta suka rufe taga suna tari suna sa mini albarka. Na soya riɗi, gyaɗa, agade, kirfa da kanumfari, kowanne shi kaɗai. Ƙwayar kokon da ake yin cakulan da ita ni na gasa ta a kaskon ƙasa, na niƙa ta a injin Baba. Na yanka talotalon da na yi wata bakwai ina yi wa kiwo. Na tsaya kan tukunya ina juyawa har kafaɗata ta mutu, sai da mai ya taso a sama yana ƙyalli. Ban ɗanɗana ba, domin ba a riga mamaci. Amma hancina ya gaya mini na cika alkawari.

Da safiyar ranar da matattu ke isowa, sai ga motar Nazario. Ya fito da matarsa Yadira, wata doguwa 'yar arewacin ƙasar nan, mai kirki irin wanda ke gajiyar da mutum. Yana rungume da kwali kamar jariri.

"Yaya Leo, zo ki ga abin da na kawo wa tsoho."

Ya zaro kwalba baƙa wuluk, an toshe wuyanta da jan kaki. A jikinta an manna hoton Baba, da malafarsa da gashin bakinsa, an rubuta Don Celerino da manyan baƙaƙe. Na san hoton. Ni na yi masa askin da ke ciki, ni na goge rigar.

"Mene ne wannan?"

"Baƙar giya ce, mai ƙarfi. Da cakulan da barkono a ciki. Shekara guda ta yi a ganga tana jiran yau."

"Wato miyata ka zuba a kwalba."

"Haba Yaya. Ki ɗanɗana tukuna."

"Ni ba 'yar yawon buɗe ido ba ce. Ubanmu kake sayarwa yanzu? Nawa ne ƙwaya?"

Ya yi dariya, irin dariyar wanda bai taɓa jin zafin magana ba tun da aka haife shi, ya wuce ɗaki da kwalinsa.

A ɗakin mun riga mun kafa tebur. Raken da aka lanƙwasa kamar baka a samansa, furanni ruwan ɗorawa, kyandir, turaren ƙaro, lemo, burodi, hoton Inna da na Baba. A kujerar da ke gefe Gwaggo Prisca ce zaune, yayar Baba, tsohuwa da ta haura tamanin. Haƙoranta sun ƙare amma harshenta yana nan da kaifinsa ta kowace fuska. A danginmu ita ce ke fara ɗanɗana abin teburi idan matattu sun tafi, ta faɗi wanda aka ci da wanda aka bari. Ba a taɓa ɗaukaka ƙara kan hukuncinta ba.

Akwai kofin ƙasa na Baba, mai ɗan karyayyen baki, wanda ba ya shan komai sai a cikinsa. Na wanke shi na ajiye don in zuba masa cakulan mai kumfa. Ina juyowa na ga Nazario ya ɗauke shi.

"Ajiye kofin nan."

"Yaya, a me kike so ya sha? A roba?"

"Gwaggo, ki yi masa magana."

Gwaggo ta ce, "Ƙyale yaro. Celerino ya sha cakulan shekara saba'in, ya ƙoshi."

Yaro. Mutum mai furfura a gemu. Na haɗiye, na kawo wa cakulan ɗin wani kofi.

Da rana ta take, ƙararrawar coci ta soma bugawa, alamar sun shigo gari. Al'ada ce kowa ya ajiye abinsa da hannunsa, ya yi wa mamacin magana da baki don ya san nasa ne. Nazario ya fasa kakin, ya tsiyaya giyar a kofin Baba, ya ajiye daidai gaban hoton, ya jingina kwalbar a gefe.

"Tsoho, ga taka. Sha ka ba ni labari."

Na ɗauko farantina, cinyar talotalo kwance cikin baƙar miya, na barbaɗa riɗi. Tun daren jiya na shirya abin da zan faɗa: Baba, ga alkawari, da komai nata, ci ka ƙoshi. Na sunkuya, na ajiye farantin, na gyara masa cokali yadda na saba, sai na ji muryata tana cewa, "A hankali dai, Baba, ka san cikinka."

Nazario ya fashe da dariya. Yadira ta rufe baki. Ni ma na yi yaƙe, na ce da sauri, "Ci duka, Baba, wasa nake." Gwaggo Prisca kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta mayar da kai ga carbinta. Magana zarar bunu ce.

Yinin nan duka mutane suka yi ta shigowa gaisuwa. Kowa ya durƙusa, ya yi addu'a, ya miƙe, idonsa ya sauka kan kwalba. "Kai, Don Celerino ne sak." "Nazario, kai ka yi? Ɗa na gari ke nan." Samari suna ɗaukar ta hoto da waya. Farantina yana gefe, babu wanda ya ba shi kallo na biyu, domin kowa ya baro baƙar miya a gidansa. Ina ta raba burodi ina murmushi, raina kuwa yana tafasa. Na riƙa gaya wa kaina cewa ba don su na dafa ba. Mai abincin yana nan cikin ɗakin, kuma gobe za a ji.

Washegari bayan la'asar ƙararrawa ta sake bugawa, matattu suka kama hanya. Muka kashe kyandir. Gwaggo ta sa aka jawo kujerarta gaban tebur, ta goge baki da gefen gyale, ta soma aiki.

Ta gutsuri burodi, ta juya shi a dasashi. "An ɗan taɓa." Ta kurɓi cakulan. "Wannan uwarku ce, har yanzu ba ta barin zaƙi." Ta tsotsi ɓarin lemo, ta ce yara ne suka yi wasa da shi. Sannan ta miƙa hannu ga kofin Baba. Kumfar ta daɗe da mutuwa, wata 'yar ƙuda ta faɗa ciki, ta cire ta da farce. Ta kurɓa, ta kuskure baki da ita, ta haɗiye, ta yamutsa fuska.

"Ruwan wanki. Babu komai a ciki. Ya shanye tas."

Nazario ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna motsi. Yadira ta dafa shi. Na ce a raina ba komai, ai wanda ya sha dole ya ci.

Gwaggo ta yagi tortiya, ta lakaci miyata, ta kai baki. Ta daɗe tana mamula. Ba ta yamutsa fuska ba. Ta rufe ido, ta haɗiye, sai na ga hannunta ya koma farantin ya sake lakata. Lakata ta biyun nan ita ta kashe ni. Ba wanda ke komawa ga abin da ba shi da ɗanɗano.

Ɗakin ya yi tsit. Yadira, baiwar Allah, ta ga shirun ya yi yawa, ta ɗauka ladabi ne ta cike shi. A garinsu ba sa wannan al'adar. Ta ɗauki cokalin Baba, ta ɗiba, ta ci, idonta ya buɗe.

"Yaya Leo, na rantse tun da nake ban taɓa cin miya mai daɗin wannan ba. Komai ya fito. Har barkonon yana..."

Nazario ya ja mata siket. Ta dube shi, ta dube ni, ta ga fuskata, sannan ta tuna abin da aka taɓa gaya mata. Jini ya bar fuskarta. Maimakon ta yi shiru, sai ta shiga gyara.

"Ai Yaya, ba wani abu ba ne. Giya in ta kwana a buɗe dole ta sane. Miya kuwa kwana ke ƙara mata daɗi. Kowa ya sani."

"Na gode, malama. Jiya aka haife ni."

Na san giya tana sanewa. Na san miya tana ƙara daɗi in ta kwana, ni da na tsufa a bakin tukunya. Amma na sha cin baƙar miyar da ta sauko daga teburin nan tana kama da dafaffiyar takarda, shekarar da Inna ta fara dawowa. Sanin kai daban, sanin ciki daban.

Na ce, "Gwaggo, faɗi."

Ta lashe yatsa. "Bai taɓa ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko riɗin. Kuma kada ki kalle ni haka, ke kika hana shi. Ina zaune a nan kika ce masa a hankali. Shekara shida kina buge masa hannu a kan tukunyar nan, kina tsammani mutuwa ce za ta cire masa tsoronki? Celerino tun yana ƙarami in aka hana shi abu sau ɗaya, ba ya sake roƙo a gaban mutum. Ta bayan gida yake bi."

Na sunkuya na zaro kwalba ɗaya daga kwalin Nazario, na fita. Na ratsa tsakar gida na shiga rumfar injin, na zauna kan buhun masara. Ina so in san mece ce wannan da ubana ya tsallake alkawarinmu ya je gare ta. Kuma ina so in same ta da muni. Ina ta fama da kakin da farce sai ga Nazario da mabuɗi da kofin gilashi.

"Kawo, Yaya, za ki karya farce."

Ya buɗe, ya karkata kofin, ya tsiyaya. Ta fito a hankali, baƙa ƙirin, mai kauri kamar tsohon man injin. Kumfa ta taso a sama, launin ƙasa, ta zauna ba ta gudu ba. Na miƙa hannu zan kai baki.

"Ba ta ƙishirwa ba ce. Riƙe ta a tafin hannu ta ɗan ji ɗumi. Shinshina tukuna."

"Kai za ka koya mini shinshina?"

Amma na shinshina. Ƙanshin koko ne a kan kasko, daidai lokacin da ɓawon ya fara fashewa, da ɗan hayaƙi a bayansa. Na kurɓa. Ta cika mini baki da nauyi. Zaƙi ya fara zuwa, irin na rake da aka dafa ya yi duhu, sai ɗaci ya biyo shi ya danne, ɗacin ƙanzon tukunya wanda yara ke faɗa a kansa. Na haɗiye. Na ji daɗi a raina, domin na sami abin faɗa.

"Ina barkonon? A takarda ya tsaya?"

"Jira."

Ban rufe baki ba ya iso. Ba a harshe ba, can ƙasan maƙogwaro ya kunna, ya bazu a ƙirji, ya hau zuwa kunnuwa. Bai yi ihu ba, bai kuma tafi ba. Ƙarfin giyar ya bi bayansa ya sauka har gwiwoyina. Na ji gumi ya tsattsafo a saman leɓena. Na nemi aibi ta ko'ina, kamar mai neman tsakuwa a wake, ban samu ba. Abin ya yi daɗi, kuma ban taɓa jin haushin daɗi irin na ranar ba.

Na sake kurɓa, a nan ne na tsaya. Kowane gida a garin nan da ma'auninsa na cakulan, kuma duk ta injin nan suke bi, na san su kamar sunayen 'ya'yansu. Wannan ba na kowa ba ne sai na Baba: sukari kaɗan, kirfa da yawa, ƙwayar a bar ta ta ɗan zarce a wuta. Bai taɓa sayar da irinsa ba, na kofinsa ne. Nazario kuwa ko tsintsiya bai taɓa riƙewa a rumfar nan ba.

"Wa ya ba ka ma'aunin nan?"

Ya sosa ƙeya.

"Nazario, da kai nake."

"Shi."

"Yaushe?"

"Yaya, gonar nan fa tun shekara uku da suka wuce muka daina zuwa."

Ya zauna kan ɗaya buhun, ya ba ni labari yana kallon takalminsa. Ranar Lahadi in sun fita, birni suke wucewa, gareji. Baba ya kifa bokiti ya zauna a kai, Nazario ya riƙa ɗebo masa daga tukunya a ɗan ƙaramin kofi. Ya kurɓa ya ce kirfa ta yi kaɗan. Wani makon ya ce kokon ɗanye ne, wa ya gasa shi, makaho? Barkono kuwa kullum sai ya ce a ƙara. "Ƙara, matsoraci, ba yayarka ce za ta sha ba." In sun gama su aika a sayo musu soyayyen naman alade da jan yaji a bakin kasuwa. A hanyar dawowa Baba ya yi ta tauna ɓawon lemo don kada in ji wari.

Na tuna ɓawon lemon. Nakan same shi a aljihun rigarsa in na zo wanki, in ce tsufa ne.

"Ranar Litinin fa?" na ce. "Ka san yadda yake kwana ranar Litinin? Yana murƙususu yana riƙe ciki, ni ina zaune ina tuhumar kaina me na zuba a kabewa. Har man da nake ɗigawa na daina saboda Litinin ɗin nan."

"Na sani."

"Ka sani."

"Na ce masa mu bari, ba sau ɗaya ba. Ya ce gara ciwon kwana ɗaya da kabewar kwana bakwai. Ya zan yi da shi, Yaya? Ubana ne, yana roƙona."

"Ni ba ya roƙona?"

Ya kamata in yi masa faɗa a kan cewa ya rage wa ubanmu kwana. Na buɗe baki in faɗa, sai na ga ba shi ne ke cina ba. Wani abu ne daban, ƙarami, mai kunya, kuma shi ya fito.

"Yana dariya a can?"

"Yaya..."

"Ina tambayarka. Yana dariya?"

"Sosai. Har waƙa yake yi wa yaran da ke wanke kwalabe."

A gidan nan rabon da in ji waƙar Baba tun kafin likita. Ni na samu tari, da gunguni, da kwanon tofi. Na riƙe masa rai da hannu biyu, na hana kaina barci, na hana kaina zuwa bikin da ya wuce awa biyu, shi kuwa ya riƙa tara fara'arsa mako guda yana kai wa mai gareji. Kishi ya taso mini har na ji shi a baki, ya fi giyar ɗaci. Da a ce wata mace ce a waje, da na san zagin da zan yi. Ƙanena ne, yana zaune gabana da jajayen idanu, kuma ko yanzu bai san ya ƙwace mini komai ba.

"Me yake cewa a kaina?"

"Cewa yake kada in bari ki sani. Wai Leo ba ta barci saboda shi, kada a ƙara mata."

"Shi ke nan?"

"Yakan ce miyarki ta fi ta Inna. Wai da hanci ya gane."

Da hanci. Na ɗaga kofin na shanye sauran, barkonon ya sake kunnawa a inda ya kunna ɗazu. Daga tsakar gida ina jin Yadira tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyata, domin an kusa fara shigowa karɓar rabon matattu, kuma duk wanda ya ci zai san abin da ya faru a gidan Celerino. Wannan bai dame ni ba kamar tunanin tsohon nan tsaye gaban tebur kwana guda cur, farantin da ya yi shekara shida yana mafarki yana gabansa, yana kallonsa yana kallon ƙofa ko ina tahowa da ludayi. Ya koma da yunwarsa, kuma sai baɗi.

Na miƙa wa Nazario kofin.

"Baɗi ma za ka kawo wannan abar?"

"In ba kya so, ba zan kawo ba."

"Kawo. Yana so." Na goge gumin leɓena da bayan hannu. "Miyar kuma zan dafa, irin ta bana, har ta fi. Amma kai za ka ɗauki farantin. Kai za ka ajiye masa, ka yi masa magana yadda kuke yi a gareji."

"Haba Yaya. Ai yana lakata zai san hannunki ne."

"Ya sani mana. Amma a hannunka ya saba karɓa ba tare da ya waiwaya ba."

Ya daɗe yana juya kofin a hannu, kumfar da ta rage tana gangarowa a jikin gilashin.

"To ke fa?"

"Ni zan fita bakin titi in tsaya har ya gama."